Yaƙin Alhaji Bawa da Wandon Kaki

Wannan shi ne labarin sadauki ɗan sadauki, Alhaji Bawa ɗan Dikko mai sayar da gishiri, ɗan Barau wanda aka ce ya taɓa korar kura da muciya, ɗan Jatau wanda ba a san abin da ya yi ba amma an tabbatar ya yi shi da ƙarfi. Shi ne dodon marasa tikiti, mai huda takarda ba tausayi, wanda ya shekara talatin da biyu yana duba fasinja a jirgin ƙasa tsakanin Zariya da Ƙaura Namoda, har matafiya na ɓuya a makewayi idan sun ji takunsa.

Amma ba'adu, a shekararsa ta saba'in da huɗu, wasiƙa ta iso Gusau cewa tsofaffin ma'aikata za su yi taron zumunci nan da kwana arba'in. A majalisar ƙofar gida, gaban shaidu bakwai, Alhaji Bawa ya bugi ƙirji ya ɗauki alkawari cewa da kakinsa na aiki zai halarta, ko a fasa taron.

Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin ƙarfe wanda ko uwargidansa Hajiya Kulu ba ta da izinin taɓawa. A ciki akwai usur, da ƙarfen huda tikiti, da takardar yabo da Bature ya rubuta sunansa ba daidai ba, da kuma riga da wandon kaki masu ƙamshin kafur. Rigar ta miƙa wuya nan take. Wandon kuwa ya hau gwiwa lafiya, ya ratsa cinya da ƙyar, sannan ya iso iyakar daular tumbi ya tsaya cak, ya yi tawaye.

"Ni za ka yi wa taurin kai?" in ji sadauki. "To, mu zuba!"

Daga ranar aka kaɗa gangar yaƙi. Ya yanke hulɗa da man shanu, ya kori kilishi daga ƙasarsa, ya rage malmalar tuwo daga uku zuwa ɗaya da 'yar ƙanwarta. Kullum bayan asuba sai ya fita da azama, yana cilla hannuwa, yana zagaya filin makaranta, awaki na watsewa gabas da yamma, masu kosai na tambayar juna ko wani abu ne ya biyo shi. A rana ta goma sha biyu rundunar mai tsire ta yi masa kwanton ɓauna a kwanar kasuwa, aka yi asarar tsinke shida. Masu tarihi sun yi ittifaƙin kada a faɗaɗa magana a kan wannan rana. Gwiwarsa ta kumbura, Hajiya Kulu ta gasa masa da ruwan zafi, ta kawo shawarar sulhu a kai wa tela ya ƙara ƙyalle. Ya dube ta kamar ta ce ya sayar da gidan gado.

Ranar taro, da hantsi, aka yi karon ƙarshe. Ya kwanta rigingine a kan tabarma, ya fitar da duk iskar da Allah ya ajiye a cikinsa, Hajiya ta kama ɓangare ɗaya, shi ya kama ɗaya.

"Ja, Kulu! Ja!"

Maɓalli ya shiga. Aka yi fatahi. Sai dai jarumi bai iya lanƙwasawa ba, don haka a tsaye aka kai shi, a bayan motar ɗaukar buhuna, yana riƙe da ƙarfe kamar mai duba faretin sojoji.

Ya shiga zauren taro yana numfashi da cokali, idanu sun firfito. Nan ya hangi Malam Ilu, tsohon abokin aikinsa da suka zauna ɗaki ɗaya a Ƙaura, mutum siriri kamar sillen kara, yana tafe cikin wani wandon kaki da zai ɗauki mutum biyu da ɗan akuya, an ɗaure shi da igiya a ƙugu.

Suka tsaya suna kallon juna. Malam Ilu ya juya bakin ƙugun wandon nasa, sai ga rubutun mai wanki da baƙar tawada: BAWA. Ashe tun zaman Ƙaura wandunansu suka musanye.

"Kwana arba'in ina ɗura fura da madara don in cika shi," in ji Ilu. "Na zaci ciwo ne ya cinye ni."

Sadaukan biyu suka janye zuwa bayan zaure, inda aka yi musayar fursunoni ba tare da shaida ba. Cire wandon ma sai da ya ɗauki rabin sa'a. Da suka fito, kowa cikin nasa, sai suka tarar an riga an ɗauki hoton taro, mai hoto ya hau babur ya tafi, ana naɗe tabarmi.