Kwanukan Faifai a Jeren Amina

Har gobe ba zan manta da bikin Amina, ƙanwar maigidana, ba. A Nguru aka yi shi, lokacin da kaset ya kori garmaho daga gidaje.

Ina da facala, Ya Falmata, matar wan maigidana. Allah Ya ba ta hannu. Tsohon faifan garmaho take tsomawa a ruwan zafi, ta kifa shi a kan kwano, bakinsa ya lanƙwashe kamar fure, sannan ta yi masa fenti. Duk zuwanmu daga Gashua sai surukarmu, Inna, ta ɗauko ɗaya ta ce, "Kin ga aikin Falmata?" Na gani, Inna, har ya ishe ni. (Nakan ce masha Allah, amma Ubangiji Ya san iyakarsa leɓe.)

Ni da na yi sakandare in je neman darasi? Leƙe kawai na yi. Da aka sa biki na ƙudurta nawa ne za su hau saman jeren amarya. Na roƙi maigida tsofaffin faya-fayansa, na ƙona yatsu, kwanukan kuwa suka yi kyau. Na cusa wani cikin wani, na naɗe da zani, direba ya ɗaure a saman mota. Bazara ce, motar kuma ta lalace a hanya da tsakar rana.

Na tarar da ɗakin amarya cike da mata ana jere. Ko ruwa ban sha ba na ɗaga murya.

"Ya Falmata, a bar min saman nan, na zo da nawa."

"To bismilla, ƙanwata," in ji ta.

Na kwance ƙulli. Rana ta riga ni. Kwanukan sun kwanta sun manne, sun zama baƙin curi guda, ga huda a tsakiya, ga zanina liƙe da fenti. Wata goggon amarya ta gyara tabarau, ta leƙa hudar.

"'Yar nan, yanzu har murfin masai ake kawo wa amare?"

Mata suka kwashe da dariya, har da masu hawaye. Inna ta kau da kai.

Ya Falmata ta ja ni tsakar gida ta ce, "Da kin tambaye ni mana. Nawa na farko ma rana ta cinye su a taga. In a mota ne, ƙarƙashin kujera ake sa su." Ta koma ta ɗora nata a sama, ta ce wa Inna, "Waɗannan namu ne, ni da ita." Wallahi wannan ya fi dariyar ƙona ni.

Tun daga ranar na koyi tambaya, na kuma daina kishin hannunta. Zuciyarta nake kishi yanzu, ita kuwa ba a koyon ta da leƙe.