Hita Mara Tanki da Wankan Jegon Sa'adiyya

Jama'a, yau na sha kunya a gaban surukai, irin wadda mutum zai ce ƙasa ta tsage ya shige. Hajiya 'Yardada, uwar mijin 'yata, ta zo duba mai jego da hantsi, aka yi sa'a kuma an kawo wuta. Ni kuwa da rawar kai na kira ta tsakar gida ta ga sabuwar hitar da aka kafa mini jiya a jikin bangon makewayi. Na gyara hula, na yi bismilla, na murɗa famfo. Sai ya ja wani dogon tsaki, ya furzo iska, ya yi shiru. Hajiya ta dubi famfo, ta dube ni, ta ce, "Malam Gwadabe, Allah ya sa alheri. Ruwan ta ina yake fitowa?"

Ga yadda aka yi. 'Yata Sa'adiyya ce ta yi haihuwar fari, ta dawo gidanmu na Soron Ɗinki wankan gida. Duk wanda ya aurar da 'ya ya san zancen: tafasasshen ruwa safe da yamma har a yi arba'in. In aka yi fashi sau ɗaya, tsofaffi su ce sanyi ya shige ta, kuma kowa ya san uban wa za a zaga. Ice kuwa yanzu sai ka ce daga Makka ake sauko da shi. Gas kuma, tun da manyanmu masu hangen nesa suka ce mu bar ice mu ceci daji, muka ji magana muka sayi silinda, kuɗinsa ya hau inda ba ya jin kira. Tawa tana ƙarƙashin gado tana hutawa, Allah ya saka musu.

Shi ne na kai kukana wurin maƙwabcina Alhaji Muttaka, mai shagon kayan wuta. Ya ce, "Malam, hita iri biyu ce. Akwai mai tanki. Tana da sauƙin saye, amma ci gare ta. Ta dafa ruwa ta ajiye, ya huce ta sake dafawa, kana barci tana cin mita. Akwai kuma mara tanki, 'yar ƙarama kamar akwatin rediyo. Ta fi tsada, kuma sai an ja mata waya mai kauri. Amma ba ta shan wuta sai ka buɗe famfo, ruwa yana wucewa tana dafa shi. Kafin jikanka ya shiga makarantar allo ka mayar da kuɗinka."

Na ce araha ba ta ado. Ban da haka ma, bangon gidanmu na ƙasa ne tun na kakanni. In na rataya masa tanki cike da ruwa, wata rana ni da maƙwabci mu wayi gari gida ɗaya. Na ɗauki mara tanki, na dawo ina taƙama. Maiɗakina Uwani ta jujjuya ta, ta ce, "Malam, ita wannan ta ina ake zuba mata ganyen darbejiya?" Na ce mata wannan harkar zamani ce. Ta ce, "To. Ni dai kada ka sallami mai ice." Kafin magariba na sallame shi.

Abin da ni da Alhaji Muttaka muka manta a lissafinmu shi ne, ita wannan baiwar Allah tana so ruwa da wuta su zo tare. A lokonmu kuwa ruwa da wuta surukai ne, ba sa zama ɗaki ɗaya. In an kawo wuta, famfo ya yi tafiya. Ranar da famfo ya tuna da mu, wuta ta ɗauki takalminta.

Kada dai a ce ina butulci. Mai Girma Sarkin Alkawari ya zo unguwarmu gab da zaɓe, ya ce ruwa zai shiga kowane gida har mu gaji da shi. An haƙa loko, an binne bututu, an bar mana ramin da ya karya akuya biyu da ƙafar wani ladani. Kuma bututun yana aiki, gaskiya ɗaya ce. Iska yake kawowa, mai tsabta, kuma ba a taɓa makarar kawo mana takardar kuɗinta ba. Shi kuma ɗan'uwansa, Uban Gobe-Gobe mai kula da haske, mutum ne mai tausayi, ba ya so mita ta cinye talaka, shi ya sa yake taimaka mana da tattali.

Na bar Hajiya a tsaye na ruga shagon Alhaji Muttaka, raina a ɓace, ga rana tana ɗagawa yarinya ba ta yi wanka ba. Ya ce, "Ai da mai tanki ka ɗauka, in wuta ta zo sai ta dafa ta ajiye maka."

Na ce, "Ta dafa me?"

Ya sosa ƙeya. "To sai ka sa tankin sama. Da injin da zai tura ruwan. Ruwan kuma ka haƙa burtsatse. In an ɗauke wuta, janareta babba, don ƙaramin nan ba zai ja ta ba. Sai mai, wannan kuma layi ne kawai."

Na ce, "Alhaji, ashe ba hita ka sayar mini ba, ƙaramar hukuma ka sayar mini. Saura in naɗa wa kaina kansiloli."

Na dawo gida ina tunanin da wane ido zan kalli Sa'adiyya. Tun daga zaure na ji hayaƙi. Ashe Uwani ta tare ɗan garuwa, ta aro ice a maƙwabta, Hajiya 'Yardada ta ɗaura ɗamara tana fifita wuta, babbar tukunya tana ɓararraka. Uwani ta ɗago da jajayen idanu ta ce, "Malam, sannu da zuwa. Hitarka ta yi rana. Icen ɗanye ne, da kwalinta muka hura wutar." Ba a jima ba na ji ƙarar ganye a makewayi, tas, tas, yarinya tana wanka. Wallahi daɗi na ji har zuciyata, duk da kunyar ba ta sake ni ba.

Ga masu tambayata wacce ta fi sauƙi tsakanin biyun, ni dai abin da na gani shi ne, ku zaɓi wadda kwalinta ya fi girma. In kuma akwai wani babba da yake neman abin da zai yanka wa ƙyalle kafin zaɓe, ya zo Soron Ɗinki da almakashinsa. Hitata sabuwa ce fil, ta ci kuɗi, ba ta taɓa aiki ba. Ta cika duk sharuɗɗa.