Gwamnan Ikko Ya Je Raɗin Suna

Duk faɗin Daudawa, kai har ka dangana da Faskari, babu wanda Allah ya hore wa sanin Legas kamar Alhaji Bilya. Mu da iyakar tafiyarmu Funtuwa ce sai dai mu kama bakinmu mu sha karatu. Shi kam ya ga teku da idonsa, ya hau gadar da ba a hango ƙarshenta, ya san inda ake cin shinkafa da cokali mai yatsu. Shi ya sa muke kiransa Gwamnan Ikko, shi kuma yake amsawa da ɗaga hannu ɗaya.

An ce zaman nasa na Legas bai kai damina guda ba, kuma tun yana saurayi ne, wayar hannu ma ba ta zo ba. An kuma ce harkar ruwan da yake cewa ya yi a can, kurar jarkoki ce yake turawa layi-layi. Masu faɗin haka 'yan baƙin ciki ne. Mu dai abin da muka sani, ba a taɓa tashi daga hirar bakin kasuwa Alhaji bai kai mu bakin teku ya dawo da mu ba. In ana kukan tsadar taki, zai ce a Ikko ba sa noma amma sun fi kowa ƙiba. In aka yi ruwa har katanga ta faɗi, zai ce wannan a can yayyafi ne.

Yana da wata baiwar kuma. Alhaji bai taɓa zuwa taro da wuri ba. Ɗaurin aure ne ko suna, sai an cika, an aika masa, an sake aikawa, sannan ya taho yana saɓa babbar riga, a miƙe a ba shi tsakiyar tabarma. Mu kuwa muna jira, domin a nan ba a shafa fatiha dattijon unguwa bai iso ba, kuma liman ba inda za shi.

Abu ɗaya ne yake ci masa rai. Jikoki ga su nan birjik, amma har yau ba a sami surukin da ya yi hankalin yi masa takwara ba.

Sai ga shi autarsa Shafa'atu, wadda ke aure a Agege, can Legas, ta haifi ɗa namiji. Saboda halin da hanya ke ciki ba ta zo gida haihuwa ba. Mijinta Shamsu, mai sayar da albasa, mutum ne mai ladabi. Ya bugo waya ya ce sunan jariri yana hannun Baba, abin da ya zaɓa shi za a raɗa.

"Suna ba a hwaɗin shi a waya," in ji Alhaji. "In na zo, gaban jama'a, da bakina za a ji shi."

Ko akuyar Daudawa ta san Bilyaminu za a ji. Amma Alhaji ya ƙi faɗa wa kowa, har matarsa Hajiya Mero, wai mata ba sa riƙe magana. Ita Hajiya ba suna ne ya dame ta ba. Tun da aka ce an haihu ba ta yi barcin kirki ba, burinta kawai ta ga 'yarta da idonta. Ta daka yaji, ta ƙulle kanwa da daddawa, ta auno geron kunu, ta cusa duka a buhu guda.

Suka hau doguwar mota a Funtuwa, suka sauka a tashar Agege ranar suna, gari ya fara wayewa. Shamsu ya bugo ya ce su tsaya nan, ga shi nan zuwa, gidan ba nisa.

"Ni za a zo ɗauka a Ikko?" Alhaji ya ce, yana ɗaga murya don 'yan tasha su amfana. "Yaro, tun ba a haihe ka ba nike yawo a garin nan. Ku dai shimhiɗa tabarmi." Ya kashe wayar.

Hajiya ta ce, "Alhaji, tunda kusa ne mu tahi mana. Ƙahwata rawa take in ga yarinyag ga."

"Mu je yanzu mu iske ana shara? A ce kakan yaro ya riga mai rabon goro zuwa? Taho in nuna miki teku, ki samu abin ba jikokinki labari. Kahin mu dawo an cika."

Hajiya ta ɗora buhu a ka, ta bi shi.

Da farko Gwamna ya nemi moluwe, wata ƙatuwar motar haya da yake ba mu labari, wadda ake shiga tana gudu a sauka tana gudu. Ya tsaya bakin titi yana jiranta har rana ta fito sosai, sannan wani mai sayar da rake ya gaya masa an daɗe da daina ganinta. Alhaji ya ce dama ya sani, gwada shi yake yi. Suka cusa kansu cikin ƙaramar bas mai ruwan ɗorawa. A nan ya zazzage Yarabancinsa kaf a kan kwandasta, wato kalma biyu: "ina kwana" da "ga ruwa". Kwandastan ya dube shi, ya dubi buhun Hajiya, ya ce a biya wa buhun kujera.

Daga nan cunkoso ya karɓe su. Motar ta yi taku ɗaya ta huta, ta sake taku ɗaya ta huta. Gumi ya jiƙa babbar rigar da aka ɗinka domin suna. Alhaji bai karaya ba, ya ci gaba da koyarwa. Duk dogon ginin da suka wuce, ko gidan wani abokinsa ne, ko kuma yana nan aka haƙa harsashinsa. Da suka hau doguwar gadar, ya umarci Hajiya ta leƙa ta ga ikon Allah. Hajiya ta leƙa sau ɗaya, ta ga ruwa dama da hagu, ta rufe ido ta kama salati har suka sauka.

Waya kuwa sai ƙara take a aljihu. Alhaji ya ciro ta, ya ga sunan Shamsu, ya yi murmushin jin daɗi.

"Kin gani ko? Sun hwara aike. Bari a ƙara cika."

Hantsi ya dubi ludayi kafin su isa inda ya ce nan ne bakin teku, inda yake zama da yamma ya ci gyaɗa, ruwa na taɓa masa ƙafa. Suka tarar da shinge, da ƙofa, da masu gadi. An cike wurin da yashi, an kafa gine-gine, tekun ya koma can nesa, sai ɗan shuɗinsa ake hangowa ta tsakanin ƙarafa. Alhaji ya yi gaba ya dawo, ya bi shingen ya sake dawowa. Ya nemi a buɗe masa, ya bayyana wa masu gadi cewa shi tsohon ɗan gari ne. Suka nuna masa hanyar da ya fito.

"Wanga shi ne matsalar ƙasag ga," ya ce wa Hajiya. "A matsar da teku guda, ba a tuntuɓi waɗanda suka san shi ba."

Amma ba zai koma Daudawa ba shaida ba. Ya miƙa mata wayar, ya nuna mata inda za ta danna, ya taka can jikin shingen, ya gyara hula, ya riƙe ƙugu. Yana cikin ƙwala mata kira ta ɗauko hoton har da dogon ginin, wayar ta yi ƙara a hannunta. Wannan karon sunan Shafa'atu ne. Hajiya ta ɗauka.

Kuka yarinyar take yi. "Inna, kuna ina? Liman zai tahi, shina da wani sunan. Mutane duk za su kasuwa, sun ce ba su iya ƙara jira. Mahauci ya kada rago tun ɗazu. Inna, ko Baba ya hwaɗa miki sunan?"

Tausayin 'yarta ya kama Hajiya, haushi kuma ya turnuƙe ta. Kwana ta yi a mota, wuyanta ya ƙage da buhu, 'yarta na kuka a wancan ƙarshen gari, ita tana nan tana kallon shinge. Ta dubi mijinta, ya ɗaga haɓa sama yana jiran hoto.

Ta ce, "Share hawayenki. A sa mishi sunan Babana."

Sannan ta ɗauki hoton.

Baban Hajiya shi ne marigayi Malam Abdulganiyu na Tafoki, mutumin da sai da Alhaji ya yi masa noma damina bayan damina kafin ya ba shi 'yarsa. Tun daga nesa Alhaji yake tuɓe takalmi in zai gaishe shi. Kuma kamar kowane mai kunya a ƙasarmu, sunan surukinsa bai taɓa fita daga bakinsa ba, yana raye ko bayan ransa.

Sai bayan azahar suka isa gidan. An naɗe tabarmi, maza sun watse, mata na suyar nama a tsakar gida. Alhaji ya yi sallama a hankali, ya ɗan dakata a ƙofa don a miƙe. Hajiya ta ratsa ta gefensa, ta yar da buhu, ta shige ɗakin 'yarta.

Shamsu ya fito da sauri ya durƙusa har ƙasa. "Baba, Allah shi saka da alheri. Wallahi kowa ya yi mamaki. Mutum ya bar sunan kanshi ya zaɓi na surukinshi! Liman har wa'azi ya yi da kai, ya ce irin wanga tawali'u ya yi ƙaranci."

Alhaji ya gyara zaman hularsa. An riga an yanka rago, an shafa fatiha, an kuma yabe shi a gaban jama'ar da bai gani ba. Ya ce, "To, ai... haka muke."

Hajiya ta fito da jaririn a naɗe cikin tawul, fuskarta fes, ta ɗora masa a hannu. Matan gidan suka bar suya suka kewaye shi. Wata maƙwabciya da ta shigo yanzu ta ce, "Alhaji, barka. Mi aka sa ma yaron?"

Gwamnan Ikko ya dubi maƙwabciyar, ya dubi Hajiya. Hajiya ta ce, "Ka gaishe shi mana, Alhaji, tun sahe shike jiranka."

Ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya, ya ce, "Baba, ina wuni?"

Jaririn bai amsa ba. Marigayin ma haka yake yi masa.