Naman da Ba Ya Neman Haƙori

"...Lafiya lau, angona. Ya gajiyar zama?"

Dinah ce durƙushe gaban kakanta Baba Haggai, tsohon soja, a gindin mangwaron gidansu na Zuru, da kwano rufe a hannunta. Tun da ta dawo hutu daga makarantar koyon girki take lura da shi: duk tsokar da aka sa masa a miya, sai ya faki ido ya jefa wa kare. Turamen bakinsa sun zube, wuyansa ya zama kamar mariƙin lema, amma ko kusa bai yarda a sani ba.

Ya ce, "Wane ango? Tun bara na sake ki. Me kika rufo?"

"Nama."

"Na ƙoshi."

"Kai ka ƙoshi ko karenka? Duk unguwar nan babu mai ƙibarsa."

Ya ɗaga murfin, ya yamutsa fuska. "Wannan nama ne ko tsakin kaji? Wa ya tauna ya tofar?"

"Wuƙa ce ta tauna maka. Tun safe nake daddatsa shi a kan katako. A makaranta mins muke ce masa. A zuba a miya, a cusa a fulawa, ko a dunƙula a soya."

"Ni za ki koya wa Turanci? A gwangwani muka ci shi a bariki, ubanki ko rarrafe bai fara ba. Abincin majinyata ne! Ni da na tsinka igiyar jaki da haƙori a kasuwar Mahuta?"

"Ashe igiyar ce ta tafi da haƙoran."

"Ja'ira! Da tsohuwar zuma ake magani."

"Ai zuma lasa ake yi, shi ya sa kuke shiri."

Ya ture kwanon, ya kau da kai. Dinah ta ga ba wasa ba ne kaɗai, kunya ce. Sai ta miƙe tana karkaɗe zane.

"Shi ke nan, bari in kai wa abokinka Baba Dominic. Dama ya ce zai yi mini golmo, ya nome wa babana gona har sai an ba shi ni."

"Dominic? Wanda fartanya ke kayarwa? Ajiye kwanon nan!"

Ya kai loma ɗaya don fushi, ta biyu don ya tabbatar. Ya ƙara ta uku. Can ya share ido da bayan hannu.

"Kakarki Leah a turmi take daka mini, kafin ta rasu. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba."

"Ni ma ba na da baki, Kaka."

Kare ya matso yana kaɗa wutsiya. Tsoho ya rungume kwanonsa.

"Wuce, an sallame ka daga aiki!"

Ya ƙyalƙyale da dariya har dasashi ya bayyana, ya zaro tsohuwar wuƙarsa ta bariki daga ƙarƙashin tabarma, ya miƙa mata.

"Na mai da ke ɗakinki, amarya. Ga sadaki. Gobe ki ƙara barkono."