Wutar da Doka Ta Hana a Kashe

Duk bayan damina huɗu, dabbobin dazuzzuka bakwai sukan taru a daji guda domin gasar tsere, tsalle da kokawa. Dokokin gasar biyu ne kacal, shi ya sa magabata suka zaci ba mai iya murɗe su. Ta farko: muddin gasa na gudana, ba a kashe kowa, ba a kashe komai. Ta biyu: gasa ba ta ƙarewa sai an kashe babbar wutar tsakiyar fili, sannan Uban Gasa ya miƙa tuta ga mai masauki na gaba, ya sauka daga kujera.

A wannan karo Zaki ne Uban Gasa, kuma kujerar ta yi masa daɗi fiye da yadda ya zata.

Ranar rufewa, an raba lambobin yabo, 'yan wasa sun shigo fili a cakuɗe suna rawa, kura kafaɗa da kafaɗa da zomo. Giwa ta cika hancinta da ruwa tana jiran umarni. Jimina, wakiliyar Dajin Gabas, ta miƙo wuya domin karɓar tuta. Sai Dila, mashawarcin Zaki kan shari'a, ya nemi majalisa ta zauna.

"Ranka ya daɗe, ya ku wakilai," in ji Dila, "doka ta ce ba a kashe komai sai gasa ta ƙare. Ga Giwa na shirin kashe wuta, alhali gasa ba ta ƙare ba. Ni dai ba zan zama shaidar kisa ba."

"Malam Dila," in ji Jimina, "wuta rai gare ta?"

"Hajiya, kin taɓa jin an ce dutse na ci? Wuta tana ci, tana mutuwa. Me ya rage?"

Zaki ya sunkuyar da kai, ya ce shi bawan doka ne, kuma zai daure ya ci gaba da riƙon tuta, ko da hakan zai cutar da lafiyarsa. Fadawa masu farce suka yi tafi. Giwa ta haɗiye ruwanta.

Nan Barewa, shugabar 'yan tsere, ta miƙe. An zaci adawa za ta yi.

"Allah ya ja zamaninka," ta ce, "mu masu cin ciyawa mun goyi bayan wannan fassara ɗari bisa ɗari. Roƙonmu ɗaya: a ba mu aikin kawo itace."

Aka amince ba hamayya, aka buga hatimi. Sai da yunwa ta zo aka tuna cewa dokar farko tana nan daram, kuma wakilan dazuzzuka shida sun ƙi tafiya, suna sa ido.

Yau damina tara ke nan. Tuta tana hannun Zaki, sai dai ta fara yi masa nauyi, domin rama da tafasa ba sa gina ƙwanji. Sau uku ya aika Dila da sabuwar fassara, sau uku majalisa ta karanta masa tsohuwar, kamar yadda ta fito daga bakinsa. Kowace safiya zomaye sukan wuce ta gabansa da itace, su rusuna su ce, "Barka da gasa, Yallaɓai."

An ce idan hadari ya taso, Uban Gasa yakan ɗaga kai sama cike da fata. Amma tun daminar farko Barewa ta sa aka yi wa wutar rumfa.