Guntun Sautin da Na Aika Badaguishiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muryata ta fito daga lasifika a Badaguishiri ba, alhali muryar surukina aka taru a ji.

Ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Konni, ni ke gyaran sauti: in yanke tari, in cire inda-inda, in haɗa magana ta zauna. A dangin matata wannan ya isa a ɗauke ni injiniya (ban taɓa musa musu ba). Shi ya sa da ƙungiyar masu noman rani ta shirya karrama Baba, mahaifin matata, wanda yana cikin waɗanda suka fara dasa albasa a kwarin garin, aka ce ni zan naɗi tarihinsa. Muryarsa ta yi rauni, aka ga gara a naɗa a kunna wa jama'a.

Na tafi da abokin aikina Salisu. Baba ya fara daga rijiyar farko, ya ambaci wanda ya haƙa ta, da wanda ya kawo iri, da ƙanen wannan, da maƙwabcin wancan. Da ya tashi alwalar la'asar, na manta na'ura tana kan ɗauka, na juya na ce wa Salisu, "Wanga tsoho ba shi da birki. Ba don salla ba, nan za mu kwana." Har na kwaikwayi yadda yake cewa "ka ji ko". Salisu ya yi ta dariya.

Da na koma Konni na zauna na gyara. Na datse jerin sunayen nan, don a ganina suna jan labari. A ƙarshe na ci karo da maganata, na zaɓe ta zan goge. Sai aka kira ni karanta sanarwa. Da na dawo, a raina na riga na goge.

To, manhajar da muke aiki da ita, yadda ta zo, in ka ce ta fitar da aiki, dukansa take fitarwa. Ni ne kwanakin baya na shiga saitinta na mai da shi ta riƙa fitar da wurin da aka zaɓa kawai, saboda guntayen talla da nake yankewa (har na yi wa Salisu kurin na gano dabara). Ita kuwa ta riƙe.

Na fitar, na tura wa sakataren ƙungiya ta waya. Nan take ya tafi. Maimakon in tambayi kaina yadda dogon sauti ya tafi da sauri haka, sai na yaba wa rezo, wato layin waya. Shi ma sakatare bai saurara ba, ya yarda da injiniya.

Ranar taro aka zaunar da ni kusa da Baba, cikin sabuwar shadda. Aka yi addu'a, aka kunna. Muryata ta fito tas, babu ko ƙura: "Wanga tsoho ba shi da birki." Sai dariyar Salisu, sai "ka ji ko", sai shiru. Sakatare ya zaci na'ura ce ta tsaya, ya sake kunnawa daga farko.

Ban ɗaga kai ba. Takalmin mutumin da ke gabana kawai nake kallo, har yau zan iya zana shi.

Baba ya miƙa hannu aka ba shi makirufo. Ya ce, "Yaron ga bai yi ƙarya ba. Ku matso, tunda birkin ya lalace." Aka yi dariya, aka matso. Da 'yar muryarsa ya ba da labarin, ya kira sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Na ga wata dattijuwa ta rufe fuska da mayafi da aka ambaci mijinta.

Da yamma na je na durƙusa. "Baba, a yi mini aikin gafara."

Ya ce, "Tashi. Na san ina ja. Amma waɗanda nika kira duk sun rasu, ni kaɗai na rage. In ban faɗe su ba, wa za shi faɗa?"

Nan kunya ta biyu ta kama ni, wadda ba wanda ya gani. Da aikin ya fita daidai, da an ji tarihi mai santsi wanda na cire mutanensa.

Na koma na mayar da kowane suna gurbinsa, na kai masa cikakken sautin. Saitin ma na mai da shi yadda na same shi, kuma yanzu ba na tura komai sai na saurara har ƙarshe. Amma na daina ɗora wa manhaja laifi. Abin da na zaɓa ta fitar, kuma abin da ta fitar, ni na faɗa.