Ranar da Tara Ta Kusa Hana Ni Aure

Har in tsufa ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaishe da mahaifin budurwata Hajara a unguwar Hammadu Kafi ba. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa gari, ni kuma sabon malamin lissafi ne a wata firamare, ga babur, ga wando fantalo mai sharar ƙasa (yau ko da kyauta ba zan sa shi ba).

Alhaji ɗan kasuwa ne, Bakatsine, ba shi da yawan magana. Bayan gaisuwa a zaure sai ya ce, "An ce lissafi kake koyarwa?"

Da "E" kawai na ce, da na huta. Ina! Baki ya ɓalle.

"Baba, ai a lambobi babu kamar tara. Uku sau uku ke nan. Wata tara mutum ke yi a ciki. Kuma duk abin da ka ninka da ita, in ka haɗa lambobin amsar sai ta dawo. Sha takwas, ɗaya da takwas, tara."

Ya ce, "Ikon Allah." Nan kaina ya ƙara fashewa.

Na ce har a yatsu ana yi. In tara sau uku kake so, ka lanƙwashe yatsa na uku, biyu a hagu, bakwai a dama, ashirin da bakwai. Don ya gani sosai na matso gabansa, na ware yatsuna duka, na juya tafukan saitin fuskarsa.

Daidai nan yayansa, Baffa Sule, ya yi sallama ya shigo. Ya tsaya cak, ya sa salati.

"Yaro, ƙanena kake yi wa daƙuwa? Hannu bibbiyu? A zaurensa?"

Maimakon in sauke, sai hannuwan suka sandare a sama. Na ce, "Wallahi Baffa, tara ce."

"Tara? Ni goma nake gani!"

Daga cikin gida na ji mata sun ƙyalƙyale. Alhaji kuwa dariya har da hawaye. Da ƙyar ya shawo kan Baffa, wanda ya dage sai an binciki lafiyar kaina kafin a ba ni 'yarsu.

An dai ba ni. Amma tun ranar, in ina gaban surukai hannuwana na cikin riga, ko ƙarfe nawa aka tambaye ni sai in ce Allah ne masani.